Katin Asibiti a Cikin Kambu

Ni mahauci ne ɗan mahauci, a mayankar Kontagora na yi wayo. Karatun boko sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin manya na koya. A lokacin da wannan abu ya faru, takarda a wurina ba ta fi ganyen da muke naɗe tsire a ciki ba. Turawa ba su tafi ba tukuna, amma maganar tafiyarsu ta fara yawo a kasuwa.

Duk wanda ya san ni a mayanka ya san ba na tuɓe riga. Ko da bazara ce, zafi ya sa kowa ya yi tik daga shi sai wando ana fiɗa, ni ina cikin taguwata kamar mai zuwa ɗaurin aure. Abokan sana'a har suna tsokanata, wai limamin mahauta ya iso a ba shi buzu. Ina dariya, in mayar musu da wadda ta fi ta zafi, don bakina bai taɓa mutuwa ba. Amma dalilin rigar ba abin dariya ba ne. A kafaɗata ta hagu, ta baya, akwai wani farin tabo mai faɗin tafin hannu.

Ina saurayi ya fito. Inna ta ce kyasfi ne, ta yi ta shafa mini saiwoyi. Wata rana tana shafawa, sai ta tsikare wurin da tsinken tsintsiya ba tare da ta gaya mini ba, ni kuwa ban ko motsa ba. Sai na ji ta daina shafawar. Kafin sati ya zagayo ta ɗaure mini kayana, ta gaya wa unguwa wai zan je Auna in taya ƙanenta noma. Mahaifina ya riga ya rasu, ba wanda zai tambaye ta dalili. Ba ta taɓa furta kalmar kuturta a gabana ba, har ta koma ga Allah.

A Auna ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk ranar kasuwa, can gefe a gindin wata ɗorawa, malamin asibiti na En'e, wato hukumar gargajiya, yakan zo a kan keke da gwangwanin ƙwayoyi da wani babban littafi. Mu jeru, Hausawa da Kambari da Fulani, kowa ya haɗiye farar ƙwaya a gabansa, ya buɗe baki ya nuna ta wuce, sannan a yi alama a littafi. Kafin rabon magani sai ya tsaya ya yi mana bayani da ƙarfi, don 'yan kasuwa masu leƙe su ma su ji: ciwon nan ba baki ba ne, ba cin kifi da nono ba ne, kuma yana warkewa in an zo da wuri. Bayan 'yan watanni kuma sai wata Baturiya ta asibitin mishan ta zo da mota. Ita ce mai dubawa. Ta sa ka rufe ido ta taɓa tabon da auduga, ta ɗan tsaga fatar kunnenka ta tafi da abin da ta kankaro. En'e ke ba da malami da keke, mishan ke kawo magani da mai dubawa, haka suka raba aikin.

Damina uku na yi a can ban tsallake kasuwa ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe Baturiyar ta yi magana mai tsawo, tafinta ya taƙaita mini ita, ya ce an sallame ni, ga kati, in adana shi kada ruwa ya taɓa shi, kada gara ta ci. Na dawo gida na miƙa wa Inna. Ta juya shi gaba da baya, ta cusa a lalitarta, ban sake ganinsa ba. Kwana biyu bayan haka ta kawo mini sabon kambu na jar fata, irin layar nan da ake ɗaurawa a damtse, ta ɗaura mini da hannunta. Ta ce na tsari ne, kada in kuskura in cire ko wurin wanka.

Na koma fawa, na yi aure, aka haifa mini 'ya mace. Amma gaskiya ita ce ban yarda na warke ba. Tabon yana nan, ya ɗan dushe kawai. Kalmar sallama kuma ba ta kwantar mini da hankali ba, don ana sallamar wanda ya warke, ana kuma sallamar wanda aka gaji da shi, ni kuwa ba wanda ya karanta mini abin da ke jikin katin. Saboda haka na ware moɗata ta shan ruwa na rataye ta can sama. In yarinyar ta rarrafo wurina ina cin abinci, sai in ƙwala wa uwarta kira ta zo ta ɗauke ta. Ban taɓa saɓa ta a kafaɗa ba. Matata ta ɗauka ni irin mazan nan ne masu kunyar 'yar fari, na bar ta a kan haka.

Ranar da asirina ya tonu, wani bajimin sa ne ya jawo. Mun kayar da shi, an yanka, ina fiɗa, yaron wani ya ja tumbin da ganganci ya fashe a jikina tun daga wuya har gwiwa. Wari ya hana ni tunani. Na zaga bayan mayanka wurin randunan ruwa, na waiga ban ga kowa ba, na tuɓe. Ina cikin sheƙa ruwa na ji an yi gyaran murya. Duba-gari ne, ma'aikacin tsafta da ke zuwa kowace safiya ya duba nama ya buga masa hatimi. Ya zo wanke hannu.

Mutum ne marar hayaniya, mun sha yin faɗa da shi a kan hanta, ya ce ta lalace a zubar, in ce idonsa ne ya lalace. Ran nan bai ɗaga murya ba. Ya matso ya ce, "Tun yaushe wannan yake jikinka?"

Na ce, "Kyasfi ne, Malam."

Ya ce, "To, Allah ya sa. Amma daga yau kada ka taɓa nama sai malamin asibiti ya ba ni takarda a kanka. Ba zan gaya wa Sarkin Fawa dalili ba. Ka ce zazzaɓi kake yi. Sai dai ka sani, zazzaɓi ba ya wuce mako guda mutane ba su fara tambaya ba."

Raina ya ɓaci, na so in zage shi, amma na fasa. Mahaucin da aka ce yana da wannan ciwo ya gama fawa, ko da daga baya an zo an rantse da Alƙur'ani cewa ƙarya ne. Ba wanda zai sake cin tsiren hannuna. Surukaina za su zo su tafi da 'yarsu da jikarsu, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Washegari da hantsi na tafi asibitin En'e, na jira layi ya ƙare sarai sannan na shiga. Malamin asibitin dattijo ne mai tabarau, ya saurare ni har na gama, na faɗa masa komai, har da ɗorawar Auna. Ya duba tabon, ya ce shi ba shi da ikon yanke hukunci da ido. Mai dubawa kuma ba za ta zagayo Kontagora ba sai bayan damina, ga shi ko shuka ba a yi ba.

Sai ya ce, "Tsaya tukuna. Da a da ne, sai ka tafi Auna da ƙafarka ka nemo shaida. Amma yanzu En'e da mishan sun yi shiri, duk wanda aka rubuta a littafin ƙauye ana kwafo shi a kawo mana nan, namu ma ana kai musu. Littafin Auna yana cikin kabad ɗin nan."

Ya ɗauko shi, ya tambayi sunana, ya bi layi da yatsa. Nan wata matsalar ta ɓullo. Sunana irin wanda in ka kira a kasuwa mutum goma za su waiwayo ne, ga shi Kawu, don ɓoye asiri, bai ba da sunan mahaifina ko garinmu ba, cewa ya yi a rubuta Auna kawai. Masu sunana daga Auna mutum huɗu ne a littafin. Ɗaya an sallame shi ya warke, biyu sun gudu magani bai ƙare ba, ɗaya ya rasu.

Na ce, "Ai ni ne na farkon, Malam. Wanda ya rasu dai ka ga ba ni ba ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Masu gudun nan biyu ma da za su zo, haka za su ce. Nama za ka sayar wa jama'a, ba zan yi canke ba. Kowane kati yana da lamba, lambar ce ke cikin littafi. Kawo mini katinka, ko da rabinsa ne."

Na dawo gida na tarar da Inna a tsakar gida tana kaɗi. Matata ta shiga maƙwabta da yarinyar. Na durƙusa na ce, "Inna, takardar nan ta Auna, tana ina?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wace takarda?"

Na faɗa mata abin da ya faru tun daga tumbin sa. Mazarin ya tsaya a hannunta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, ka bar maganar nan. Takarda tana inda take, kuma tana aikinta."

Na ce, "Wane aiki takarda take yi a cikin akwati?"

Ta ce, "Wa ya ce maka tana akwati? In sa a akwati matarka ta gani ta kai wa ɗan makaranta ya karanta mata? Ko in sa a rufin ɗaki gara ta cinye? Kai ka ce mini an ce kada ruwa ya taɓa ta."

Sai ta miƙo hannu ta dafa damtsena, daidai kan kambun.

Na daɗe ina kallonta. Shekara huɗu ina yawo da katin asibiti a hannuna, ina shiga kasuwa da shi, ina tsammanin ayoyi ne. In aka yi rigima a mayanka har shafa shi nake yi in ji ƙarfin zuciya. Dariya ta zo mini, haushi ma ya zo, ban san wanda zan fara ba.

A wurin Inna kuwa ba wauta ba ce. Ita a duniyarta, duk rubutun da ke da daraja fata ake ɗinka masa, kuma ba mai hankalin da zai tambaye ka abin da ke cikin layarka. Ta ɓoye shi a inda kowa ke gani. Sai dai da shekaru suka tafi tabon bai ƙaru ba, ta sakankance cewa ɗinkin nan ne ya tsare ciwon. Da na ce zan farke, sai ta fashe da kuka, abin da ban gani ba tun rasuwar mahaifina.

Ta ce, "Ba a buɗe laya. In ka buɗe ya dawo fa? Na roƙe ka, ka bar fawar, ka yi noma, ai ka iya."

Na ce, "Inna, in na bar fawa ba dalili, gobe garin nan kowa ya san dalilin."

Abin kunyar shi ne ni ma tsoron nake ji. Na zaro wuƙata, wadda ba ta da na biyu wurin kaifi a mayanka, na ɗora a kan ɗinkin, amma na kasa yankawa. Inna ta share hawaye ta ce in dai ba makawa, to kada in yi wa abin fiɗar akuya, in kai wa wanda ya ɗinka.

Badukun tsoho ne a bakin kasuwa, yana zaune cikin tarin fatu da warin jima. Na kwance kambun na miƙa masa. Wurin da ya zauna a damtsena ya yi fari, ya rame kamar ba hannuna ba. Ya juya shi sau ɗaya ya gane aikinsa.

Ya ce, "Na tsohuwarka ne. Tun ranar na san ba rubutun malam ba ne, takardar ta yi tauri, da ƙyar ta naɗu. Amma mu ba ma tambaya."

Ya sa basilla ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa, yana yi yana yabon kansa, wai yaran yanzu ba su iya irin wannan ba. Bayan fata akwai kakin zuma, bayan kaki akwai farin zare da aka naɗa kamar ƙwarya, sannan ƙyalle. Da ya kai ga takardar bai buɗe ba, bai ko kalle ta ba, ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. Ya ce in gaida tsohuwa.

Ban tsaya ko'ina ba sai asibiti. Malamin ya ajiye ta a tebur ya shiga warwarewa da bakin almakashi. An ninka ta ya fi sau shida, ta yi laushi, duk kakin nan bai hana gumin shekara huɗu shiga ba. Wajen ninki na uku ta rabe biyu. Da ya shimfiɗa ta, rubutun tawada duk ya narke ya zama shuɗin girgije, hatimin ma sai inuwarsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni dai ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na iya.

Ya ɗauki rabin na sama ya kai bakin taga. Can a kusurwa akwai lamba, ita ba da tawada aka rubuta ta ba, da inji aka buga ta, ta tsira. A ƙasanta kuma akwai ɗan zanen mutum ya juya baya, an yi masa da'ira da fensir a kafaɗar hagu. Ya duba zanen, ya ce in juya, ya duba bayana. Sannan ya buɗe littafin Auna ya bi layi da yatsa, ya wuce mai sunana na farko, ya wuce na biyu, ya tsaya a na uku.

Na ce, "Malam, wanne ne?"

Ya ce, "Zauna in karanta maka, da alama ba a taɓa karanta maka ba."

Ya karanta a hankali yana juyawa da Hausa. Ya sha magani damina uku bai yi fashi ba. An duba fatar kunnensa sau biyu a jere ba a ga ƙwayar cuta ba. Ya warke. Ba ya yaɗa wa kowa. Tabon zai iya zama har tsufa, ba komai ba ne.

Na ce ya maimaita na kusa da ƙarshen. Ya maimaita. Na ce, "Ko yaro ƙarami?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ko jariri. Tun ranar da aka ba ka katin nan, kai da ni ɗaya ne." Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ƙato da ni, mai kayar da bajimi. Wani nauyi da na saba da shi har na manta ina ɗauke da shi ya sauka, na ji iska tana shiga ƙirjina har ƙasa. Na yi ta faɗin alhamdu lillahi ba ƙaƙƙautawa.

Ya rubuta mini sabon kati da lambar nan, ya rubuta wa duba-gari 'yar wasiƙa. Ya ce, "Wannan kuma a gaya wa tsohuwa ta bar shi ya sha iska. In ma ya ɓata, lambarka tana nan, tana Auna." Ya yi dariya har da tari, ya ce shekarunsa a aiki ya ga katin da akuya ta ci, ya ga wanda aka naɗe goro da shi, amma bai taɓa ganin wanda aka yi wa baduku ba.

Duba-gari ya karanta wasiƙar a tsaye, ya ninke ya sa aljihu. Da la'asar na hura tukuba na jera tsire. Sai ga shi ya zo, shi da bai taɓa cin naman kasuwa a gaban mutane ba. Ya ce in zaɓo masa mai kitse, ya karɓa daga hannuna, ya tsaya nan a tsakiyar mahauta ya cinye tsinke biyu, ya ce yajin ya yi yawa. Na ce harshensa ne ya lalace. Abokan sana'a suka yi mini barka da tashi daga zazzaɓi.

Inna kuwa sai da ta yi kwana arba'in tana sa ni in ɗaga riga ta duba bayana kowace safiya. Fatar kambun ba ta yar ba, ta mayar wa baduku ya sa mata ayoyi na gaske a ciki. Na ɗaura don ta samu barci.

Amma abin da na fi tunawa shi ne yammacin ranar da na koma fawa, bayan na dawo daga kasuwa. An kawo mini tuwo, na zauna a tabarma, yarinyar ta taho tana tafiyar nan ta masu koyo, ta tsaya nesa kaɗan, don ta riga ta san iyakarta. Uwarta ta taso da sauri za ta ɗauke ta kamar kullum. Na ce, "Bar ta."

Na miƙa mata hannu. Ta dubi uwarta, ta dube ni, ba ta matso ba. Sai da na gutsuro tuwo na dangwali miya na nuna mata, sannan ta zo a hankali ta buɗe baki, ta ci daga yatsuna. Na tashi na sauko da moɗar nan daga inda take rataye, na ɗebo ruwa na sha, na ba ta ta sha, rabi ya zube mata a ƙirji. Sannan na ɗaga ta na saɓa a kafaɗar hagu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ta kama kunnena da hannu mai maiƙo.

Matata tana tsaye da murfin kwano a hannu. Ta ce, "Maigida, yau kuma kunyar ta tafi ina?"

Na ce, "Zauna, akwai maganar da ya kamata in gaya miki tun kafin a ɗaura mana aure."

Ta zauna, ni kuma na fara tun daga tsinken tsintsiya, yarinyar tana kafaɗata ban sauke ta ba.